Damanar da Idirisa Bai Fito da Sungumi Ba

Ranar Alhamis ce. Tun hantsi zafi ya danne Maraɗi, irin zafin nan da ko kaza ba ta barin inuwa. Da azahar iska ta tsaya cak. Ina zaune a rumfata ta gyaran kekuna cikin unguwar Zariya, na ɗaga kai gabas, sai ga hadari ya taso baƙi ƙirin, gindinsa ja. Kafin a kira la'asar ya sauka. Aka yi ta ruwa har bayan magariba, ruwa mai nauyi, babu iska, babu tsawar kirki. Titinmu ya koma rafi, yana jan takardun jam'iyyu da aka lilliƙa a bango. Shekara ta biyu ke nan bayan babban taron ƙasa, shekarar da muka yi ta shiga layin zaɓe har ƙafa ta gaji.

Da asuba na hau keke na nufi ƙauyenmu, can bayan Jiratawa, inda gonarmu ta gado take. Abu ɗaya ya kai ni: in ga ko Idirisa zai fito da sungumi.

Bari in faɗi ko wane ne Idirisa.

Bagobiri ne, haihuwar Tibiri. Ya zo ƙauyenmu yana saurayi, aikin ƙodago, sai ya ga Atika ɗiyar limaminmu na lokacin, shi ke nan ya zauna. Gajere ne, siriri, da tsagen Gobirawa a fuska. Ba shi da yawan magana, ni ma haka, shi ya sa muka shaƙu. Muna iya wuni a inuwa ɗaya, abin da ya shiga tsakaninmu bai wuce tsokana biyu da goro guda ba.

Abin da ya zo da shi daga Tibiri sanin kwaɗi ne. Kakansa na wajen uwa ya koya masa. A wurinsa kwaɗi iri-iri ne. Akwai ƙananan nan da ke ɓarkewa da kuka ko ruwan wanki aka zubar. Su yake ce wa maroƙa, wai ba su da abin da ba su yaba. Akwai na gulbi da na kanal, wato magudanar noman rani, waɗanda ba su rabuwa da ruwa. Sai babban, burduddugi. Shi wannan, idan tabki ya fara ja da baya cikin kaka, sai ya tona laka da ƙafafun baya, ya nutse ƙasa kamu guda ko fiye, ya naɗe jikinsa da wata fata kamar jaka, ya kwanta har rani ya wuce. Ba ya tasowa sai danshi ya sauka ya iske shi inda yake. In ya fito ya yi kukansa, kamar sa yana nishi cikin rijiya, to ƙasa ta sha ruwa da gaske, irin da aka zuba ba zai ƙone ba.

Ga yadda muke yi. Duk ranar da aka yi ruwa mai kama da na shuka, Idirisa zai tafi bakin tabki da magariba ya saurara. Da safe, bayan an idar da salla, maza su zauna ƙofar masallaci. In ya ji burduddugi, zai fito daga gida da sungumi a kafaɗa, ya wuce ta gabanmu, ba zai ce komi ba, kowa ya tashi ya ɗauko nasa. In bai ji ba, zai fito hannu a baya, ya gaisa da mutane ya zauna. Gida ashirin da ɗaya ne a ƙauyen, duka da wannan suke shuka.

Ba haka kawai muka yarda da shi ba. A shekarar fari ta tamanin da huɗu an yi wani ruwa mai kyau ga ido. Ƙauyukan kewaye suka fita suka zube irinsu. Idirisa ya fito hannu a baya. Aka yi kwana ashirin da shida babu ɗigo, abin da suka shuka ya tsiro ya ƙone, mu namu iri yana cikin tulu. Mu ma ba mu sami abin kirki a shekarar ba, amma mun sami abin da ya kai mu dari. Tun daga nan ba wanda ya sake yi masa gardama.

To, kafin wannan damanar da nake ba da labari, cikin sanyi, wani abu ya faru.

Idirisa yana da ɗan fili a noman rani na Jiratawa, yana sa albasa da tattasai. Wata safiya sai ga shi a rumfata, da babban gwangwani ɗaure a bayan keke.

"Bakatsine, aje wanga taya ka zo ka gani."

"Bagobiri, in abincin ranarku ne ka kawo mini, na ƙoshi."

Bai yi dariya ba. Nan na san da magana. Ya buɗe gwangwanin, ya juye a ƙasa. Kwaɗi uku ne na kanal. Suna da rai, amma ba wanda ya yi tsalle. Ya sa tsinke ya birkice ɗaya. Ya tsaya a haka, ciki sama, ƙafafu a baje, maƙogwaro yana motsi a hankali. Cikin nasa ya yi ja kamar an ƙona. Idirisa ya shafa bayan wani da yatsa, fatar ta biyo yatsan, fara-fara, kamar takardar da ta kwana cikin ruwa.

"Da rana tsaka nike iske su bisa simintin kanal," in ji shi. "Kwaɗo da rana tsaka, Hamidu. Ina zuwa ba su gudu. Zalɓe na tsaye kusa, ko kallonsu bai yi. Jiya na ƙirga arba'in daga bakin filina zuwa famfo."

"Ko maganin ƙwari ne?"

"Maganin ƙwari na san kisanshi. Dare guda ne, da safe ka iske kifi da kwaɗo duka sun taso. Wanga kuwa, kifi na nan lafiya lau. Kuma sannu yake ci."

Muka tura kekunanmu zuwa wani biro, ofishin gwamnati, da aka ce mana nan ake duba irin wannan. Muka iske ƙofa da kwaɗon ƙarfe, ma'aikata suna yajin aiki. Mai gadi ne kaɗai a kan benci. Ya leƙa gwangwanin, ya ja da baya.

"Haba baba! Mutane sun rasa mai duba su a likita, kai kwaɗo ka kawo?"

A hanyar komawa na tambaye shi, na ce, "Manyan na tabki fa?"

Ya ce, "Su suna ƙasa. Tun kaka sunka rufe ƙofa. Mi zai iske su can?"

Na ce haka ne. Ni ma haka na gani. Wannan maganar ita ce ta cinye mu, kuma da bakina na ce haka ne.

Yanzu in koma safiyar Juma'ar nan. Na isa ƙauye rana tana fitowa, laka har gwiwa. Maza suna ƙofar masallaci suna jira. Damanar da ta wuce ba ta yi kyau ba, mutane sun ci har sun taɓa iri. Abin da ya rage wa yawancinmu ƴan tiyoyi ne, na shuka ɗaya. In ya ƙone, babu na biyu.

Asabarin gidan Idirisa ya motsa. Ya fito hannu a baya.

Wani ya ja numfashi. Sai Maman Lawali ya miƙe. Shi ɗan ƙanen maigari ne, a lokacin bai fi shekara talatin da biyar ba, ya sha yawon kamfe a Maraɗi, har ranar da hular jam'iyya a kansa. Ya taka zuwa gefen gonar da ke bayan masallaci, ya durƙusa ya yi ta tona da hannu. Ya dawo ya miƙa hannun gaban Idirisa, laka har gwiwar hannu.

"Baba Idi, dubi nan."

"Na gani."

"To?"

"Ba su yi magana ba."

"Baba, ƙasar nan yanzu kowa ya sami baki. Mu kaɗai munka rage kwaɗi na yi muna zaɓe?"

Aka yi dariya, amma gajera. Idirisa ya ce, "Ɗana, gonarka taka ce. Ni abin da kunnena ya ji nike faɗi. Jiya tabki shiru."

Gida shida suka bi Maman Lawali. Mu sha biyar muka zauna. Ba zan ɓoye ba, da mutane suka watse na zagaya gonata na cusa hannu. Danshi ne har inda hannuna ya kai. Na tsaya ina kallon lakar. Sai na tuna tamanin da huɗu, na goge hannuna a ciyawa na koma.

Da magariba na raka Idirisa tabki. Ya cika fal, har gindin giyayyun da ke gaɓa. Na saba in mun doso wurin nan bayan ruwa sai mun ɗaga murya kafin mu ji juna. Ranar ina jin takun takalminmu. Can nesa maroƙi guda ya yi ƙara sau biyu, ya bari. Sauro kuwa, da wasu ƙananan ƙwari, sun yi hayaƙi bisa ruwan, suna shiga hanci da baki. Idirisa ya tsuguna ya kara hannu a kunne. Muka daɗe.

"Ruwan sama-sama ne," in ji shi daga baya. "Ya gudu tabki, bai shiga ƙasa ba."

Na so in ce masa na tona na gani. Ban ce ba.

Kwana takwas aka sake ruwa. Idirisa ya sake fitowa hannu a baya. A lokacin hatsin Maman Lawali ya tsiro, layi-layi, kore shar, kuma hanyar masallaci ta gefensa ta bi. Kowa sai ya kau da kai in ya zo wucewa. Na rufe rumfa na tare a ƙauye, don ba na iya riƙe sifana a hannu ina tunanin gona.

Ran nan na shiga gidan su Idirisa, Atika tana tankaɗe. Ta ture faifai ta ce, "Malam Hamidu, kai da yake jin maganarka, ka gaya mashi. Shinge ya fito daga suri. Shamuwa ta gama sheƙa. Komi ya ce damana ta zauna, sai kwaɗo kaɗai muke jira?"

Idirisa yana zaune yana gyaran igiyar akuya. Bai ɗago ba. Ya ce, "A tamanin da huɗu ma shinge ya fito."

"A tamanin da huɗu kana barci da dare, Malam. Bana ba ka yi. In kai ka yarda da shirun nan, mi ke hana ka barci?"

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Ta dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa.

Sai maganganu suka fara yawo. Lokacin komi siyasa ne, ko akuya ta ɓata sai an ce ƴan wancan ɓangare ne. Wasu suka ce mutanen Maman Lawali sun zuba wani abu a tabki don su kunyata tsofaffi. Wasu suka ce a'a, Idirisa ne aka saya, a hana ƙauyen shuka don ya zaɓi inda ba a so. Mutum biyu suka kusa dambe a bakin rijiya. A masallaci sai ka ga sahu da giɓi a tsakiya. A kwana na sha biyu gida uku suka saci jiki da asuba suka shuka, ba su yarda sun haɗa ido da Idirisa ba. Muka rage sha biyu.

Ruwa na uku ya zo a kwana na ashirin da ɗaya. Washegari Idirisa bai fito masallaci ba sam. Da hantsi ya aiko Atika ta kira ni. Na iske shi a ƙofar gida da ƴar fartanya a hannu.

"Taho ka raka ni."

Muka nufi tabki. Kakansa ya hana shi tona burduddugi. Ya ce wanda aka tono kafin lokacinsa ba ya rayuwa. Shekara arba'in Idirisa ya san inda suke kwanciya, a gaɓa tsakanin saiwoyin giyayya, bai taɓa sa ƙarfe a wurin ba. Ranar ya yi bisimilla ya sara.

Ƙasar laushi gare ta tun daga sama. Ya aje fartanya ya ci gaba da hannu. Da hannun ya nutse har kafaɗa sai ya tsaya, ya jawo wani abu kamar tsohuwar jakar fata, girman tafin hannu biyu. Ya tsaga ta. Wari ya buge mu. Ƙashi ne a ciki da baƙar fata a manne. Ya aje a gefe ya matsa gaba. Na biyu haka. Na uku haka. Ni ina tsaye ina korar ƙuda.

A rami na shida bai yi nisa ba, ko taƙi ɗaya bai kai ba, ya ci karo da wani. Wannan ba ya cikin jaka. Ya fita daga cikinta, ya tono hanya zuwa sama, kansa yana duban sama, hannuwansa a miƙe cikin laka. Nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya fara ruɓewa, amma ba kamar sauran ba, ana ganin jan cikinsa.

Idirisa ya zauna daɓas a cikin lakar.

"Wanga ya ji ruwan," ya ce. "Hamidu, ya ji ruwan farko. Ya taso zai faɗa mani."

Na ce, "Tashi mu tafi."

"Sun shiga ƙasa da cutar. Tun kaka tana jikinsu. Ni ina ƙirga na kanal, ina cewa na ƙasa sun tsira."

Bai wanke jikinsa ba. Ya shiga gida ya ɗauko sungumi, ya fito da shi a kafaɗa da azahar tsaka, lokacin da ba a taɓa ganinsa da shi ba. Mutane suna alwala a ƙofar masallaci. Ya wuce ta gabansu, laka har wuya. Ba wanda ya tambaye shi komi. Muka yi salla a gaggauce, muka fita da mata da kowa, muka yi ta shuka har duhu ya hana mu ganin rami. Mun makara da kwana ashirin da biyu.

Da damanar ta yi tsawo, da ba a tuna wannan labari. Hatsinmu ya tashi da kyau, muka yi noma, muka yi maimai, har mun fara cewa Allah ya rufa asiri. Yana fitar da kai, yana cikin bununi, sai ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar mu dubi gabas. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Na Maman Lawali ya riga ya yi ido, yana jiran wuƙa. Namu ya tsaya a tsaye, zangarniya doguwa, in ka murza sai ƙaiƙayi. Inda nake ɗaure dami sittin, tara na ɗaure. Idirisa biyar.

Bayan girbi ya bi gidajen nan sha ɗaya da suka jira shi, ɗaya bayan ɗaya, har da nawa. Ba ya shiga. Zai tsaya a ƙofa ya yi sallama, in maigida ya fito ya ce, "Ni na ɓata maka damana. Na ga suna mutuwa tun dari, ban kai hankalina ƙasa ba." Yawanci suka ce Allah ne ya kawo. Wani ya ce masa, "To, yanzu in dafa wannan maganar in ba yara?" Wani kuma bai fito ba, yana ciki muna jin tarinsa. Da ya zo nawa na ce, "Bagobiri, ni na tona na ga danshi tun ranar farko, na yi shiru." Ya dube ni ya ce, "Da ka faɗa ma, da ban ji ba." Ban sani ba ko gaskiya ce, ko sauƙi yake nema mini.

Maman Lawali ya aika wa Atika dami biyu a kan jaki, ba tare da saƙo ba. Ta karɓa. Idirisa ya ci tuwon, don babu wani.

Cikin darin nan aka karya darajar kuɗinmu, komi na kasuwa ya tashi. Samarin gidajen da suka makara suka watse, wasu Kano, wasu Legas. Gida biyu suka kwashe gaba ɗaya suka koma gefen Maraɗi, suna sayar da ruwa a kura. Ba su dawo ba, gonakinsu yanzu na wani Alhaji ne. Da damana ta zagayo aka yi ruwan farko, maza suka idar da salla, kowa ya tafi ya cusa hannu a gonarsa. Ba wanda ya dubi ƙofar Idirisa. Shi ma ya jira ya ga an fita, sannan ya bi baya.

An yi shekaru, sojoji sun zo sun tafi sun sake zuwa, sai wata rana ina rumfa na ji ana bayani a rediyo. Wai akwai wata cuta, dangin funfuna, da ke kama fatar kwaɗi a ƙasashe da yawa. Wai kwaɗo da fata yake shan ruwa, da ita kuma yake taimakon numfashi, in ta lalace sai zuciyarsa ta tsaya. Suka ce ta fi son wuri mai sanyi da ruwa, kuma akwai inda ta share iri guda kaf. Suka faɗi alamunta: fata tana saɓulewa, ciki ya yi ja, a birkice shi ya kasa tashi. Na aje abin da ke hannuna na hau keke.

Idirisa ya saurara har na gama. Ya ce, "Sun ce ta zo nan?"

"Ba su ambaci ƙasarmu ba."

"To ita ce ko ba ita ba ce?"

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Ba wanda ya zo ya ɗebi ruwan tabkin ya auna. Akwai masu cewa maganin auduga ne, akwai masu cewa wani abu ne daban. Maroƙa sun dawo bayan shekara uku ko huɗu, na kanal ma ana ganinsu jefi-jefi. Burduddugi dai ban sake jin sa a tabkinmu ba, kuma yaran yanzu in na kwaikwayi kukansa dariya suke yi, sun ɗauka sa nake kwaikwayo. Abin da ke damuna shi ne, abu ya shigo ya kashe halitta guda a ƙarƙashin ƙafafunmu, ya gama, ba mu san sunansa ba, ba mu san ta inda ya zo ba, ba mu san ko ya tafi ba.

Atika ta rasu shekara shida da suka wuce. Bayan arba'in ɗinta Idirisa ya bar wa ƙanenta gonar, ya koma Tibiri gidan ɗiyarsa Zuliha. Yana nan da rai. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama sai an matso. Yana zama a zaure yana tufkar igiyar kaba, ranar kasuwa Zuliha ta kai ta sayar.